Wasan gangar Japan: waƙar da ka biya wa kuɗi, taka ce?

A Zariya, daga Tudun Wada zuwa Dutsen Abba, mafi yawan shagunan gem ƙwallo ake bugawa a cikinsu. Amma akwai wasan da ya kamata ya burge duk wanda ya tashi yana jin kalangu da tambarin fadar Zazzau. Sunansa Taiko no Tatsujin, kuma kamfanin Namco na Japan ne ya fitar da shi a 2001.

Wasan ba shi da wuyar ganewa. Waƙa na tashi, alamomi na tahowa daga dama zuwa hagu. In ja ta iso, sai ka doki tsakiyar ganga. In shuɗiya ce, ka doki bakinta. A gidajen wasa na Japan babbar ganga ce da sanduna biyu, a gida kuwa ana amfani da 'yar ƙaramar ganga ko madannan hannu.

Abin da ke riƙe 'yan wasa shi ne waƙoƙin: na zamani, na finafinan katun, na wasu wasannin, da waɗanda kamfanin ya tsara da kansa. A nan gizo ke saƙar. Waƙoƙin da ba na kamfanin ba haya yake karɓowa daga masu su, kuma yarjejeniyar kan fayyace ƙasa da na'ura da wa'adi. Shi ya sa da aka kai wasan Amurka a 2004 a kan PlayStation 2, aka cika shi da waƙoƙin Turanci, jerin ya bambanta da na Japan.

Yanzu hayar ta sauko kan mai wasa. Rhythm Festival, wani nau'in wasan da ya fito a Nintendo Switch a 2022, ya zo da waƙoƙi 76. Wasu fiye da 500 suna cikin rumbun da ake biya wa kuɗi wata-wata. Ranar da ka daina biya, ranar za a rufe maka ƙofa. Sai a Nuwamban 2024 Rhythm Festival ya isa PlayStation 5 da Xbox da kwamfuta.

Ga matashin Zariya, shingayen sun fi haka yawa. Pop Tap Beat, wani nau'in wasan da ya fito a 2021, sai a na'urorin Apple, alhali Tecno da Itel da Infinix ne a hannun jama'a. Ga tsadar data, ga rashin wuta, ga biyan kuɗi da kati zuwa ƙasar waje, wanda bankuna da dama suka taɓa dakatarwa a katin naira a 2022.

To me zai hana ɗaliban kwamfuta na Jami'ar Ahmadu Bello su ƙirƙiri namu? Ta fuskar fasaha, kalangu zai fi wuya, domin ba bugu kaɗai ba ne. Makaɗi na matse tsarkiya a hammata, murya ta hau ko ta sauka, har gangar ta yi magana. Launi biyu ba za su ɗauki wannan ba.

Wanda ya fi wuya shi ne izini. Mamman Shata ya rasu a 1999, kuma waƙoƙinsa suna warwatse a tsofaffin faya-fayai da kaset da ma'ajiyar gidajen rediyo. Haka na Narambaɗa da kotsonsa, da na Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa. Wa za a tuntuɓa: magada, ko kamfanin da ya naɗa, ko gidan rediyo? Nijeriya ta samu sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023, amma doka ba ta tattara kaset. Sai an tsara cikakken kundin da ke nuna mai kowace waƙa kafin mai son biya ya san hannun da zai miƙa wa kuɗin.