Masu Farautar Guba a Cikin Buhun Hatsi

Tun da aka ƙaddamar da shirin rancen manoma na Babban Bankin Nijeriya a Jihar Kebbi cikin Nuwamban 2015, zancen shinkafar kwarin Rima ya koma zancen buhu. Buhu nawa kadada ta bayar, tirela nawa ta sauke kaya a kamfanin Labana na Birnin Kebbi ko na WACOT da ke Argungu, ina tsawon dalar da aka jera a Zauro a 2021 ya kai. Ba laifi ba ne a ƙirga buhu, domin da shi manomi ke biyan bashi, ya aurar da 'ya, ya sayi taki. Sai dai akwai wani awo da ba ya shiga wannan lissafi ko kaɗan, wato awon gubar da fumfuna ke bari a cikin ƙwayar hatsi, wadda ido ba ya gani, harshe kuma sau da yawa ba ya ji. Akwai masanan da suka ƙarar da ƙuruciyarsu a kan wannan awo, kuma a ganina yankin da ya ɗauki nauyin ciyar da ƙasa da shinkafa yana bukatar irinsu daga cikin 'ya'yansa, bukatar da ba ta gaza ta injin ban-ruwa ba.

Wannan fanni na ilmi da mutuwar tsuntsaye ya fara. A 1960 talotalo fiye da dubu ɗari suka mutu a gonakin Ingila, aka bi sawu har aka kai ga tunkuzar gyaɗa da aka shigo da ita daga Brazil. A cikinta aka gano wani fumfuna mai launin kore-kore da masana ke kira Aspergillus flavus, gubarsa kuma aka sa mata suna afulatoksin. Labarin bai daɗe ba ya iso Arewa, domin a lokacin gyaɗar Kano ce ke cika jiragen ruwa zuwa Turai. A cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, Zariya, wasu masana biyu, McDonald da Harkness, suka shafe shekarun 1960 suna gwaji a Kano da Mokwa. Abin da suka gano har gobe yana da amfani: gyaɗar da aka cire a kan kari aka busar da sauri takan tsira, wadda kuwa ta daɗe a jiƙe, ko gara ta huda kwansonta, ita ce ke ɗaukar guba.

Wanda ya ɗauko wannan aiki ya kawo shi kan abin da muke tuƙa tuwo da shi kullum shi ne Farfesa Hussaini Anthony Makun na Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna. Tarihin aikinsa ba shi da wani abin ban mamaki, kuma wannan ne ma ya sa ya dace a duba shi. Ya bi gonaki da rumbuna da kasuwannin Jihar Neja yana ɗibar shinkafa da dawa, a kai ɗakin gwaji a shuka ƙwayoyin a kan faranti, a jira kwanaki fumfuna ya tsiro, a tantance irinsa, sannan a niƙa hatsin a tace shi a auna gubar. Ya wallafa sakamakon shinkafa a 2007, na dawa a 2009. A 2011, tare da abokan aiki na Jami'ar Johannesburg ta Afirka ta Kudu, ya fitar da wani bincike a kan samfurin shinkafa 21 daga gona da sito da kasuwa, kuma babu ko ɗaya da ya kuɓuta daga afulatoksin, daga maikirogiram 28 zuwa 372 a kowane kilo. Iyakar da Amurka ta yarda da ita 20 ce, Tarayyar Turai kuwa 4 ga hatsin da za a ci kai tsaye. Wannan 20 ɗin, in an kwatanta, nauyin ƙwayar shinkafa guda ce a cikin buhu goma masu kilo ɗari-ɗari. Haka nan ya sami wasu gubobin tare da ita a samfuri guda, har da okaratoksin mai taɓa ƙoda. Daga wannan yawo na rumbu-rumbu ne aka kai ga kafa cibiyar nazarin gubar fumfuna da lafiyar abinci ta Afirka a Minna a 2019, da tallafin Bankin Duniya, shi ne kuma ya jagorance ta.

Mai hankali zai ce Neja daban, Kebbi daban, samfuri 21 kuma ba ya wakiltar jiha, balle ƙasa. Zai ƙara da cewa shinkafa ba ta kai masara da gyaɗa saurin kamuwa ba, tunda ƙaiƙayinta na kare ta. Duka gaskiya ne, kuma ba na goyon bayan wanda zai ɗauki alƙaluman Neja ya liƙa wa Zauro. Amma wannan hujja, in aka bi ta zuwa ƙarshe, kira take a zo a auna namu. A dubi yadda shinkafa ke tafiya daga fadama zuwa tukunya. Ta noman rani takan nuna wajen Afrilu da Mayu, wadda ta makara sai ta haɗu da ruwan farko tana zube a masussuka. Ta damina kuwa, a shekarar ambaliya irin 2020, da yawa a cikin ruwa ake tsamo abin da ya saura. Sannan ga gumi. Mai gumi takan jiƙa shinkafa ta kwana, ta turara ta a rabin ganga, ta baza a tsakar gida ko gefen kwalta. Hadari ya taso da la'asar, a tattara da gaggawa a danna cikin buhu da ɗuminta da laimarta, a jingine a zaure. In gari ya wayi da rana an tsira. In aka kwana biyu ana lumshi, sai ka cusa hannu tsakiyar buhun ka ji zafi, ka ga ƙwayoyin sun fara dunƙulewa suna sauya launi. Turarawa ta riga ta buɗe bakin ƙaiƙayin da ake taƙama da shi, danshi da zafi kuwa su ne abincin fumfuna. Manyan kamfanoni suna da na'urar auna danshi da injin busarwa, amma shinkafar da ake ci a gidajen ƙauye ba ta bi ta ƙofarsu ba, haka ma gero da dawa da masarar da ke kwance a rumbu har bazara.

Hujja ta biyu ita ce wadda aka fi ji a majalisa: iyaye da kakanni sun ci, sun kuma tsufa, wuta kuma ai tana kashe komai. Wuta tana kashe fumfuna, amma gubar da ya riga ya zuba tafasar tukunyar tuwo ba ta kawar da ita duka, suyar ƙuliƙuli ma haka. Batun kakanni kuwa, waɗanda suka tsufa muke gani, waɗanda ciki ya kumbura ido ya yi rawaya suka tafi da ƙuruciya ba wanda ya auna abin da suka ci. Inda aka auna, an ga abin da ya faru. A gabashin Kenya a 2004 mutum 317 suka kwanta bayan cin masarar da aka adana da laima, 125 suka rasu. Wannan shi ne nau'in da ke kisa nan take, kuma bai cika faruwa ba. Wanda ya fi yawa shi ne na sannu a hankali. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa afulatoksin a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa dajin hanta, haɗarin kuma yana ninkuwa har kusan sau talatin ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, cutar da ba baƙuwa ba ce a Arewa. Wani bincike da aka yi kan yara 480 a Benin da Togo, aka wallafa a 2002, ya nuna yaran da suka tsumbure sun fi sauran yawan gubar a jini, kuma tana hauhawa ne daidai lokacin yaye, sa'ad da yaro ya bar nono ya koma kunu. Masana suna ta muhawara kan ko gubar ce kaɗai ke tsumburar da su ko talauci ne ke jawo duka biyun, amma ba wanda ke musun cewa tana cikin jinin yaran. Ko saniya ta ci dusar da ta lalace, wani kaso na gubar yakan fito a nononta.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta yunwa. Da babu gara ba daɗi, in ji masu magana, kuma wanda ya ce wa magidanci ya zubar da rabin rumbunsa a watan Agusta bai san gidan ba. Wasu ma suna ganin duk zancen dabara ce ta Turawa don su hana kayanmu shiga kasuwarsu. Ko da akwai ƙamshin gaskiya a nan, sai a tambaya ina kayan da aka tsince aka ƙi saya suke komawa. Ba a ƙona su. Mai kyau ya tafi birni, tsintuwar ta dawo kasuwar ƙauye da araha, ta zama ƙuli, ta zama kunun yara, ta zama abincin kaji. Ashe rashin awo talaka yake cuta kafin kowa. Kuma masu wannan ilmi ba zubarwa suke wa'azi ba, yawancin abin da suka fito da shi kafin lalacewa yake aiki. A cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan, Ranajit Bandyopadhyay da abokan aikinsa, tare da Peter Cotty na ma'aikatar gona ta Amurka, sun tace irin wannan fumfuna na ƙasarmu har suka ware guda huɗu da ba sa yin guba. Aka shafa su a jikin gasasshiyar dawa, aka rina ta shuɗi don kada a ci, aka sa mata suna Aflasafe. Manomi ya watsa kilo goma a kadada mako biyu zuwa uku kafin masara ta yi bunni ko gyaɗa ta yi fure, marasa gubar su riga masu gubar mamaye gona, gubar ta ragu da kashi tamanin cikin ɗari ko fiye. An yi masa rajista a Nijeriya a 2014. Don masara da gyaɗa aka yi shi, shinkafa kuwa maganinta yana wajen shanya: tamfol maimakon ƙasa, buhu a kan katako nesa da bango, danshi ya sauka zuwa kashi 14 cikin ɗari kafin a ɗinke baki. Wanda ba shi da na'ura yana iya zuba hatsi da busasshen gishiri a busasshiyar kwalba ya girgiza, in gishirin ya manne a jikin kwalba, da sauran shanya.

Abin da ke hana wannan sani yaɗuwa shi ne kasuwa ba ta biyan kuɗinsa. Buhun da aka wahala aka busar da wanda aka cusa da laima farashinsu ɗaya in dai ido bai bambanta su ba, mai laimar ma ya fi nauyi a sikeli. Shi ya sa aikin masanin ba ya ƙarewa a ɗakin gwaji, sai ya kai ga dillali da mai injin casa da hukumar NAFDAC, har a sami mai sayen da zai ƙara wani abu a kan buhun da aka gwada. A yau akwai 'yan kayan gwaji na tafi-da-gidanka da ke ba da sakamako cikin mintuna, ba sai an aika samfuri Legas ba. Akwai Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, akwai ta jiha a Aliero, kowace tana yaye ɗaliban kimiyyar sinadaran jiki da na ƙananan halittu duk shekara, Minna kuma tana karɓar masu digiri na biyu da na uku a wannan fanni. Ɗalibin da zai ɗauki kakar damina da ta rani yana ɗibar gumi daga Zauro, Ambursa, Gulma da Argungu, ya rubuta ranar yanka da kwanakin shanya da irin ma'ajin kowane samfuri, zai iya gaya wa masu gumi a wane mataki ne shinkafarsu ta fi shiga haɗari, ya kuma gaya wa gwamnati ko dandalin shanya na siminti ya kamata ta fara ginawa ko injin busarwa.