MAI KIƊAN SHA'AWA DA KUNYAR KAYAN TSADA

Duk wanda ya san ƙasar Talata Mafara da Bakura da Maradun ya san kiɗa ba baƙo ba ne a can. A Bakura aka haifi Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda ya gaji kotso wurin mahaifinsa Usman Ɗankwanda, ya yi wa fadar Maradun kiɗa, ya kuma waƙe Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello, kafin Allah ya yi masa rasuwa a 1991. Haka kuma Alhaji Sa'idu Faru, mutumin Faru ta ƙasar Maradun, har yau jama'a na sauraron waƙoƙin da ya yi wa Sarkin Kudu Muhammadu Macciɗo, wanda ya riƙe Talata Mafara tun kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1996.

Amma akwai wani mai kiɗa da ba a cika jin ɗuriyarsa ba, watau mai kiɗan sha'awa. Malamin makaranta ne, ko ma'aikacin asibiti, ko ɗan kasuwa, wanda bai gaji kiɗa ba, ba ya kuma roƙon kowa da shi. Ya tara 'yan kuɗinsa ya sa an haɗa masa gurmi ko molo na gani na faɗa, ko kuwa ya sayo 'yar ƙaramar jitar nan mai tsirkiya huɗu da ake kira yukulele, sa'an nan ya tura abin ƙarƙashin gado. In baƙo ya yi sallama ya rufe da bargo, in an tambaye shi nawa ya saya ya rage kuɗin.

Wannan kunya kashi biyu ce. Ta farko, a ƙasar Hausa kiɗa sana'a ce ta gado kamar ƙira da jima da wanzanci, kuma an haɗa ta da roƙo. Saboda haka ɗan gidan malamai ko na sarauta in ya ɗauki gurmi, tsoro yake ji kada a ce ya zubar da mutuncin gidansu, su kuwa 'yan gado su kira shi ɗan haye.

Ta biyu ita ce ta tsada. Mutumin ya san hannunsa bai faɗa ba tukuna, sai ya riƙa ganin kansa kamar wanda bai iya hawa ba ya sayi ingarma. Ga shi kuma a yankin da tsadar abinci da ta'adin 'yan bindiga suka takura wa talakawa, yana gudun kada a ɗauke shi almubazzari.

Masu yi masa dariya sukan kafa hujja da marigayi Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, wanda da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya shahara har ƙasashen waje. Gaskiya ne, gwaninta a hannu take, ba a kasuwa ake sayenta ba. To, amma wannan bai nuna cewa mai koyo da tarkace ya dace ba. Abin kiɗan da aka yi wa aikin ganin ido, fatarsa kan saki, tsirkiyarsa ba ta tsayawa a murya ɗaya, mai koyo ya yi ta fama yana zaton laifinsa ne, har ya gaji ya bari.

Ita kanta yukulele abin lura ce a nan. Baƙi 'yan Fotugal daga tsibirin Madera ne suka kai asalinta Hawai a 1879, Sarki Kalakawa ya ɗaukaka ta a fadarsa, amma gidajen talakawa ne suka raya ta. Kamfanin Kamaka, wanda aka kafa a 1916, yana sassaƙa masu tsada da itacen kowa na tsibiran, kuma ba ƙwararru kaɗai ke saye ba.

A nan gida ma haka lissafin yake. Tun da fiyano da kwamfuta suka mamaye ɗakunan ɗaukar waƙa, masu sassaƙa kayan kiɗan gargajiya da masu ɗaura musu fata sun rage samun ciniki. Duk wanda ya biya su kuɗin aiki mai kyau, ya taimaka wa sana'ar da ke neman gushewa.

Sharaɗi ɗaya ne: magidanci ya fara sauke nauyin ci da sha da karatun yara, kada kuma kiɗa ya hana shi ibada ko ya dami maƙwabta. In ya cika wannan, abin da ya saya da guminsa ba abin ɓoyewa ba ne. Asarar ita ce a bar gurmi ƙarƙashin gado har ɓera ya cinye fatarsa.