Yawon Tuddai da Kare a Birtaniya

A arewacin Ingila da Wales da Sukotland akwai tuddai masu faɗi waɗanda ba a nomawa, bishiya kuma sai jefi-jefi, ƙasarsu baƙa ce mai riƙe ruwa wadda ta samu daga tsirran da suka shafe dubban shekaru suna ruɓewa. Abin da ya fi lulluɓe ta shi ne wani gajeren tsiro da ake kira heda, wanda furensa kan rine tudu gaba ɗaya ya koma shunayya a watan Agusta. Irin wannan fili shi mutanen ƙasar ke kira moor, kuma ratsa shi da ƙafa ranar Asabar ko Lahadi, mutum da karensa, da jaka a baya da taswira a hannu, al'ada ce da ta zauna daram a cikinsu, ko da kuwa ana yayyafi.

Wannan yawo bai zo wa talaka a sauƙaƙe ba, domin yawancin tuddan mallakar attajirai ne da suka keɓe su don harbin wata tsuntsuwa mai kama da makwarwa, wadda ake buɗe farautarta ranar 12 ga Agusta. A ranar 24 ga Afrilu 1932 ɗaruruwan ma'aikata, akasarinsu daga Manchester, suka haye tudun Kinder Scout da gangan bisa jagorancin Benny Rothman, suka yi artabu da masu gadin filin, aka ɗaure biyar daga cikinsu. Sai a 1951 yankin Peak District, inda tudun yake, ya zama gandun ƙasa na farko a Birtaniya, dokar da ta ba kowa izinin ratsa irin waɗannan filaye a Ingila da Wales kuwa ba ta fito ba sai a 2000.

Izinin da mutum ya samu bai kai ga karensa duka ba, kuma a nan ne ladubban yawon suka fi yawa. Dokar ta wajabta riƙe kare da igiyar da ba ta wuce mita biyu ba daga 1 ga Maris zuwa 31 ga Yuli, haka kuma a kowane lokaci idan akwai dabbobi kusa, har ma ta yarje wa mai filin farauta ya hana shiga da kare na tsawon lokacin da bai wuce shekara biyar ba. Dalili shi ne filin da baƙo ke gani fayau cike yake da masu shi. Tsuntsayen tudu a ƙasa suke saka ƙwai, cikin heda, kuma kare ba sai ya kama uwa ba kafin ya yi ɓarna; ya isa ya tashe ta daga sheƙa, sanyi ya daki ƙwan ko hankaka ya sauko. Tumaki kuwa ana sakinsu ba shinge ba makiyayi, kowane garke ya san yankinsa saboda 'yan raguna na koyon iyakarsa daga iyayensu, don haka karen da ya tarwatsa su ya ja wa manomi wahalar kwanaki, tunkiya mai ciki ma tana iya yin ɓari don tsabar gudu. Masu karnuka da dama sukan ce ai nasu wasa kawai yake yi, hujjar da ba ta da wani amfani ga tunkiyar da ake kora, kuma doka ta ba manomi kariya idan ya harbe karen da ke far wa dabbobinsa alhali babu wata hanyar tsayar da shi.

Wanda ya saba da tudu ana gane shi daga ƙananan abubuwa. Yakan ɗauki ruwa da ɗan kwano na kare, yakan bar ƙofar gona yadda ya same ta, kuma a katangun dutse, inda aka kafa matakalar tsallakewa, yakan ɗaga ɗan katakon da aka tanada a gindinta domin kare ya kutsa ta ƙasa. Idan sun sauko yakan laluba kunnuwan karen da hammatarsa yana neman kaska. Wuri ɗaya ne ake umartar mai kare ya saki igiya: idan shanu masu 'yan maruƙa suka taso, karen suke nufi, shi kuma ya fi ubangidansa gudu, riƙe shi a lokacin kan sa su tattake mutumin.