Yadda Makauniyar Biyayya Ga Jagora Ke Jefa Mabiya Cikin Halaka

Sau biyu cikin shekara guda birnin Bauchi ya ga abin da makauniyar biyayya ke haifarwa. A ranar 26 ga Yuli, 2009, mabiyan Muhammad Yusuf suka kai hari ofishin 'yan sanda na Dutsen Tanshi, kuma cikin 'yan kwanaki tarzomar ta bazu zuwa Maiduguri da Potiskum da Wudil. A ƙarshen Disamba kuma rikicin 'yan Ƙala-Ƙato ya ɓarke a unguwar Zango, inda 'yan sanda suka ce mutum 38 sun rasa rayukansu.

Lamarin ba sabo ba ne a Arewa. Muhammadu Marwa, wanda aka fi sani da Maitatsine, ya tara dubban mabiya a 'Yan Awaki da ke Kano, akasarinsu matasa baƙi da suka baro ƙauye neman abin kai wa baki. Ya haramta musu rediyo da agogo da keke, ya kuma cusa musu cewa duk wanda ba ya cikinsu ɓatacce ne. A Disamban 1980 suka yi arangama da jami'an tsaro, alƙaluman hukuma suka nuna mutum 4,177 sun mutu, har da shi kansa.

Irin waɗannan jagorori ba da ƙarya suke fara jan mutane ba. Sukan taɓo abin da ke ci wa talaka tuwo a ƙwarya, wato zalunci da rashin aiki da cin amanar masu mulki, sannan su ba saurayi abinci da makwanci da jin cewa shi ma wani ne. Daga nan sai a raba shi da iyayensa da malamansa na farko, har tambaya ta zama laifi a gaban jagora. Wanda ya kai wannan mataki, ko zuciyarsa ta yi shakka, sai ya dubi na kusa da shi ya ga kowa ya yi shiru, shi ma ya haɗiye.

Wannan hali na bin yarima a sha kiɗa ba jahilai kaɗai yake kamawa ba. A gwajin da masanin halayyar ɗan Adam Solomon Asch ya yi da ɗaliban jami'a a Amurka a farkon shekarun 1950, kusan uku cikin huɗu sun bi amsar da idonsu ya ga ba daidai ba ce, aƙalla sau ɗaya, don kawai sauran sun faɗe ta. Da aka samu mutum guda ya saɓa wa taron, bin ra'ayin jama'ar ya ragu ƙwarai. Shi ya sa batun ya shafi wurare irin su Yelwa, inda harabar Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ke tara matasa daga sassan ƙasar nan, da yawansu karon farko ke nan suna nesa da gida. Cikin mabiyan Yusuf ma an samu masu karatun boko da suka yayyaga takardun shaidarsu.

Mutuwar jagora ba ta cika warware ƙullin ba. Bayan Maitatsine, almajiransa sun sake tayar da fitina a Bulumkutu ta Maiduguri a 1982, da Jimeta a 1984, sai Gombe a 1985, lokacin tana cikin tsohuwar jihar Bauchi. Musa Makaniki, wanda aka ɗora wa alhakin rikicin Jimeta, bai shiga hannu ba sai a 2004.