Man Haidirolik da Wayar Famfo a Jirgin Kamun Kifi: Ina Ake Tsimi?

Kwale-kwalen masunta a Yawuri ko Baga bai san wani mai ba sai fetur da baƙin man injin Yamaha da ke maƙale a gindinsa. Da hannu ake juya shi, da ƙwarya ake kwarfe ruwa. Amma da zarar jirgi ya girma, irin masu fita teku daga Legas ko Tema ta ƙasar Gana, sai ka tarar sitiyari da injin jawo taru duk da ƙarfin mai suke aiki, ga kuma famfon lantarki mai fitar da ruwan da ya taru a cikin jirgi. A nan ne masu jirage ke kashe kuɗi inda bai kamata ba, su kuma matse hannu inda matsewar ke da haɗari.

A jikin kowace jarkar man haidirolik akwai lamba: ISO VG 32, 46 ko 68. Lambar tana nuna kaurin man a zafin digiri 40, kuma mafi girman lamba shi ne mafi kauri. Haruffan AW kuwa shaida ce cewa an zuba masa sinadarin da ke hana ƙarafan famfon haidirolik cin juna. Zafi yana tsinka mai, shi ya sa a ƙasashenmu injin jawo taru ya fi son 46 ko 68. Irin wannan man ne katafila da motocin haƙa ke sha, don haka jarka mai lita 20 daga amintaccen dillalin man manyan injuna za ta yi aikin da ƙaramar kwalba mai hoton jirgi za ta yi, a kan kuɗi ƙasa da nata. Muddin lamba ta dace da abin da littafin injin ya faɗa, sauran tsadar ta suna ce kawai.

Sitiyarin hannu shi kuma nasa daban ne. Irin na kamfanin SeaStar mai tsinkakke yake so, wajen lamba 15. Aka ɗura masa 68, sai direba ya riƙa kokawa da shi. In an rasa nasa a tsakiyar ruwa, jan man giyar mota mai canja kanta, wato ATF Dexron, zai kai mutum gaɓa. Man birki ne dai ba a kusantar da shi ko kusa, domin yana lalata robobin da ke tare mai, kuma gyaran ya ninka kuɗin man sau da yawa.

Man da ake aunawa daga buɗaɗɗen durom a bakin titi ba araha ba ne, ko nawa aka sayar. Ƙura da ruwa su ne ajalin famfo. Duk man da ya koma fari-fari kamar madara, ruwa ya shige shi, sai a juye.

A wajen waya ne ya kamata a saki hannu. Famfon lantarki mai fitar da ruwa galan 2,000 a awa, kamar na kamfanin Rule, yana jan wajen amfiya 8 daga batir mai bolt 12. Siririyar waya ko doguwa tana cinye wutar a hanya, sai famfo ya yi ta gurnani ruwa na fita kaɗan-kaɗan. Tsawon kuma zuwa da dawowa ake lissafawa. Wayar da ta dace ita ce mai silili da yawa ta jan ƙarfe, wadda aka shafe da kuza don kada laima ta ci ta. Wayar gida mai tsinke ɗaya girgizar inji na karya ta. Akwai kuma ta jabu a kasuwa, alminiyom ne aka yi wa fentin jan ƙarfe. A kankare ta da wuƙa, farin cikinta zai bayyana.

Ƙa'idar ƙungiyar ABYC ta Amurka ta ce fiyus ya zauna cikin inci 7 daga inda waya ta ɗauki wuta. Girmansa na rubuce a jikin famfon ko takardarsa. Ɗabi'ar nan ta naɗa waya a madadin fiyus da ya ƙone, a jirgin katako mai ɗauke da jarkokin fetur, kiran gobara ce. Makunnin famfo da ke tashi da kansa in ruwa ya taru, a ja masa layinsa kai tsaye daga batir ta nasa fiyus, don ya yi aiki ko da an kashe komai an tafi gida. Mahaɗar wayoyi ta zauna sama da inda ruwa ke kaiwa, a matse ta, a rufe da robar da ke tsukewa in ta ji wuta. Salatif ba ya daɗewa a laima.

Galan ɗin da aka rubuta a kwalin famfo ma ba a tudu aka auna shi ba. In ruwa zai hau mesa kafin ya fita, adadin yana raguwa sosai. Saboda haka mai jirgi ya sayi famfon da ya fi buƙatarsa girma, ya zuba bokitin ruwa ya gwada shi kafin kowace fita.