3.2 Abincin Lokacin Hunturu a Garin Ambursa

Wannan sashe zai yi bayani a kan yadda sanyin hunturu yake sauya tsarin girki a gidajen Ambursa, garin da ke kan hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu, kusa da fadamar gulbin Rima. Hunturu yakan tsananta ne daga watan Disamba zuwa Janairu, wato bayan kaka, lokacin da gero da dawa da shinkafa suka shiga rumbu.

Da farko, akan rage shan fura, wadda a karin harshen yankin ake kira "hura", saboda da ruwan sanyi ake dama ta. Kunun tsamiya da koko su ne suke maye gurbinta. Matan gida sukan ƙara musu citta da kanumfari da masoro, domin Bahaushe ya yi imani cewa kayan yaji suna korar sanyi da mura.

Na biyu shi ne ɗumame. Uwargida takan tuƙa tuwon dare da yawa da gangan, ta ajiye saura. Da asuba sai ta yanyanka shi a cikin miyar kuka mai daddawa da busasshen kifi, ta mayar bisa wuta har ya tafasa. Yara da tsofaffi, waɗanda sanyi ya fi yi wa illa, su ake fara zuba wa, suna ci suna jin ɗumi a bakin murhu.

A taƙaice, ɗumame yakan tanadi itace da hatsi, ya kuma tabbatar da cewa manomin da zai sauka fadama da sassafe bai fita da yunwa ba.