Karen Kokeshiyan: Asalinsa da Halinsa

Gabatarwa

A hutun da ya wuce na sauka gidan kawuna a Gwarinpa. Ina shiga sai na ji wani haushi mai kauri da ya sa na daskare a bakin ƙofa. Maigadi ya ce, "Kada ki gudu, Hajiya, Kokeshiyan ne." A gidanmu da harshen Gbagyi muke magana, a makaranta na koyi Hausa, don haka na saba da bin diddigin duk kalmar da ta shige mini duhu. Wannan ɗan rubutu sakamakon bin sawun sunan ne.

Asalinsa

Sunan ya samo asali ne daga tsaunukan Kokasus, waɗanda ke tsakanin Bahar Aswad da Tekun Kasfiyan. Yankin ya haɗa da Jojiya da Armeniya da Azabaijan da Dagestan ta Rasha. Rashawa na kiran karen "ofcarka", wato karen makiyaya. Ɗaruruwan shekaru makiyayan wurin suka yi suna kiwonsa domin ya tsare musu tumaki daga kyarkeci da ɓarayi. Shi ya sa suke yanke masa kunnuwa tun yana ɗan kwikwiyo, don kada kyarkeci ya sami wurin kamawa in faɗa ya kaure.

Daga wajajen 1920 ne masana a Tarayyar Sobiyet suka fara zaɓen waɗannan karnuka suna haɗa su bisa tsari, aka kuma sa su gadin masana'antu da wuraren soja. A 1984 ƙungiyar masu kiwon karnuka ta duniya, FCI, mai hedikwata a Beljiyam, ta amince da shi a matsayin jinsi mai zaman kansa. A ma'auninta, namiji ba ya kasa kilo 50 da tsayin santimita 68 a kafaɗa, karya kuwa kilo 45 da santimita 64.

Halinsa

Bahaushe na cewa hali zanen dutse. Karen da aka saba bari shi kaɗai da garke cikin dare, ba ya jiran a ba shi umarni, da kansa yake yanke shawarar wane ne maƙiyi. Saboda haka yana da taurin kai, ba ya saurin bin horo kamar karen 'yan sanda. Ga mutanen gida yana da natsuwa da amana, yakan yini a kwance kamar ba ya ji. Baƙo kuwa bai yarda da shi ba, musamman da dare.

A nan ne matsalarmu take a Abuja. Mutane da dama na sayensa don girmansa, sai su kulle shi a keji ko su ɗaure shi da sarƙa tun yana ƙarami. Bai san yaran gida ba, bai san maƙwabta ba, ga gashi biyu a jikinsa wanda aka halitta don ƙanƙara, alhali zafin watan Maris a nan kan wuce digiri 35. Ranar da sarƙar ta tsinke, mai tallar ruwa da ɓarawo duk ɗaya ne a wurinsa. Na kawuna yana da inuwa da ruwa da filin zagayawa, ana yi masa allurar rigakafin ciwon haukan kare, amma duk da haka sai da na kwana huɗu kafin ya daina bi na da ido.

Kammalawa

Mu ma a wannan yanki muna da namu. Abzinawan kwarin Azawak, a Nijar da Mali, suna da dogon kare siriri mai gajeren gashi, wanda bai wuce kilo 25 ba, yana gadin zango yana farauta, zafi bai dame shi ba. Kowane kare dai ɗan ƙasarsa ne. Shawarata ga mai son Kokeshiyan ita ce ya fara tambayar kansa ko yana da fili da lokaci da haƙurin sabar da shi da mutane. Ga 'yan'uwana ɗalibai kuwa, ga aiki: a garinku, me ake kiran kyarkeci?